Injin Niƙa da Yatsun Tela

Talata, 6 ga Mayu

Sun faɗa yau. Kansar ɓargo ce. Na san haka tun da na ga gwajin jinin makon jiya, amma sani daban, ji daga bakin mutum daban.

Likitar yarinya ce, da ƙyar in ta girmi babbar 'yarmu. Ta juya kujerarta wajen mijina Tela, Baba kaza, Baba kaza, sai can ta waiwayo ni: "Mama, kin gane ko in sake bayani?" Mama! Ni da nake koyar da ilimin ƙwayoyin halitta a jami'a tun tana rarrafe. Har da ɗaukar biro tana zana min da'ira, wai wannan ita ce ƙwaya. Na ƙyale ta ta gama zanenta tsaf. Sannan na tambaye ta da wace allura za su fara, mai toshe furotiyasom ko wata. Biron ya tsaya cak.

Shi kuwa mai ciwon ko a jikinsa. Abin da ya dame shi ɗinkin farar rigar likitar. A tasi yake ce min wanda ya sa mata aljihu bai san aikinsa ba. Da na buɗe baki kuka zan yi, ni kuma ba zan yi kuka a gaban direba ba.

Alhamis, 8 ga Mayu

Da safe muna shan shayi ya ce in gaya masa me allurar za ta yi a jikinsa, amma da Hausar mutane, ba ta aji ba.

Na ce masa kowace ƙwayar halitta a jikinsa tana da injin niƙa a cikinta, shi ne furotiyasom ɗin da ya ji na ambata. Furotin ɗin da ya gama aikinsa, ko wanda ya fito a karkace, sai a liƙa masa alama, injin ya ja shi ya niƙe. Kuma ba shara kaɗai yake kwashewa ba. Ƙwaya ba ta rabewa biyu sai an niƙe wasu furotin a daidai lokacinsu. Akwai mai riƙe da birki, sai an kau da shi tukuna. Akwai mai tura ta gaba, shi ma in ya gama turawa dole a niƙe shi, in ba haka ba ta maƙale a tsakiya, ba gaba ba baya. To ƙwayoyin da suka haukace a ɓargonsa suna ta ƙera furotin iri guda ba hutu, sun fi kowa dogara da injin nan. Allurar za ta toshe shi. Tarkace ya taru musu, rabuwa ta gagara, su shaƙe su mutu.

Wallahi ban taɓa yin bayanin nan da kyau kamar yau ba. Ya saurara har ƙarshe, ya kurɓi shayi, ya ce, "Malama, akwai jarrabawa a ƙarshe?"

Mutumin nan zai kashe ni kafin ciwon ya taɓa shi.

Juma'a, 16 ga Mayu

Talata da Juma'a, a fatar ciki. Allurar kanta ba ta kai ƙiftawar ido, jiran ne ke cin rabin yini. Ɗakin jiran kujerun roba ne a haɗe da juna, in mutum ɗaya ya motsa duk layin ya motsa. Fanka ɗaya, ita ma juyawa take kamar an roƙe ta.

Ni nake riƙe da komai: lokacin kowace ƙwayar magani, yawan ruwan da ya sha, zafin jikinsa. In likita ta yi tambaya ni nake amsawa, don shi in an ce ya jiki sai ya ce da sauƙi ko da kansa na hannunsa. Wani ya yi maganar ai.

Ƙwayoyin maganin da ake haɗa masa da allurar sun buɗe masa ciki da baki. Ci kamar gara, surutu kamar rediyo. Jiya ya ba mai gadin asibiti tarihin almakashinsa kaf.

Lahadi, 18 ga Mayu

Yayarsa ta iso da jakunkuna, wai ta zo jinya. Ko hutawa ba ta yi ba ta sauya wa tukwanena wuri. Ta dube shi ta ce ya rame, ta dube ni kamar ni na ramar da shi.

Haƙuri. Ƙaninta ne.

Laraba, 21 ga Mayu

Shugaban sashe ya kira ni ofishinsa. Ya sa aka kawo min ruwan sanyi, tun nan na san akwai magana. Wai ya ji halin da muke ciki, wai yana ganin a miƙa darasin rabuwar ƙwaya na 'yan aji uku ga wani a wannan zangon, "don ki samu sarari." Murya ƙasa-ƙasa kamar mai ta'aziyya.

Darasin da ni na gina shi daga tushe. Lokacin da na fara koyar da cewa niƙe furotin ne ke jan ragamar rabuwa, rabin malaman sashen nan ba su san da zancen ba, shi kansa yana cikin rabin. Na ce masa mijina ne ba shi da lafiya, ba ƙwaƙwalwata ba. Na ajiye masa ruwansa ban sha ba.

Da namiji ne matarsa ke kwance, ai ko sannu da ƙyar za a ce masa, balle a karɓe masa aji.

Talata, 27 ga Mayu

Ta sauka! Lambar mugun furotin ɗin nan da ƙwayoyin ke zubarwa cikin jininsa ta sauka, kuma ba ƙaramar sauka ba. Na karɓi takardar na duba da idona. Abin da nake zanawa a allo shekara da shekaru, ga shi yana faruwa cikin ƙashin mijina. Suna shaƙewa. Su shaƙe ɗin.

Likitar ta tambaye shi ko yana jin wani abu a tafin ƙafa ko yatsu, kamar tsikari ko mutuwar jiki. Na ce babu, da akwai da na sani. Ta ce, "Baba?" Ya dube ni, ya ce babu.

A hanya na saya masa sabuwar hula. Ya ce ɗinkin inji ne, amma ya sa.

Asabar, 31 ga Mayu

Ya fasa min kofin shayi. Na biyu ke nan. Wai santsi.

Litinin, 9 ga Yuni

Aji uku yau. Na kai su inda ƙwaya ta jera kayan gadonta a tsakiya, komai ya tsaya cak, ana jiran a niƙe furotin ɗin da ya hana a ja su gefe biyu. Na ce musu su lura, ba sabon abu ake ƙerawa a nan ba, tsohon ake kawarwa, kuma da zarar an niƙe shi babu komawa baya. Daga nan na kawo misalin maganin da ke toshe injin. Ban ce a gidana ake shansa ba, amma na ga suna kallon juna. An gaya musu ke nan. Sashen nan ba a ɓoye ko tari.

Wata yarinya mai zama a gaba, mai gilashi, ta ɗaga hannu. "Malama, to ƙwayoyin jijiya fa? Su ba sa rabuwa, ba a sauya su. In an toshe musu injin ina za su kai tarkacensu?"

Tambaya mai kyau, na sani. Amma sai na ji raina ya ɓaci. Na ce yana cikin littafi, babi na gaba, ta je ta karanta. Ta sauke hannu a hankali.

Me ya sa na yi mata haka? Zafi ake yi, ga fanka ta lalace. Shi ne kawai.

Alhamis, 12 ga Yuni

Na biya ta shagonsa da yamma don in tabbatar ya sha maganin rana. Na tarar da wani mai ƙiba a tsaye yana ɗaga riga sama, yana nuna wa duk mai wucewa aikin wuyan, wai ya karkace, wai wannan ba hannun da ya sani ba ne. Tela na zaune a kan benci, ba a kan keken ɗinki ba, yana ta ba shi haƙuri. Haƙuri! Mutumin da ya yi wa uban mai ƙiban nan ɗinki.

Na karɓe rigar na ce masa in bai iya jiran marar lafiya ba ga titi nan cike da teloli. Ya fita yana gunaguni. Tela bai ce min na gode ba. Cewa ya yi, "Ya fi ki gaskiya, ya karkace." Na ɗaga na duba. Ya karkace ɗin, kaɗan. Ya ce idonsa ne, zai sauya gilashi.

Da muka fito neman tasi ya yi taku da yawa da silifa ɗaya, ɗayan na can bakin ƙofa. Ni na koma na ɗauko. Ya yi dariya ya ce tsufa.

Gajiya ce. Yana yawan aiki. Zan sa ya rage.

Talata, 17 ga Yuni

Ban san ta inda zan fara ba.

An sa ni tsaron jarrabawa yau, ba yadda na iya, sai Yaya ta raka shi asibiti. Rana ɗaya tak da ban je ba. Na dawo na tarar da su a falo suna kallon talabijin kamar ba abin da ya faru. Na ce ya allura? Yaya ta ce, ko kallona ba ta yi ba, "Ai an ɗaga. Likita ta ce ya huta mako biyu, in an dawo kuma sau ɗaya a mako, kuma za a rage ƙarfinta."

An ɗaga. An rage. Ana tsakiyar cin nasara! Lamba na sauka, ƙwayoyin sun shiga uku, sai a buɗe musu injin su numfasa? Wa ya ce? Da izinin wa?

Na juya wajensa. Ya ƙura wa talabijin ido, tallan sabulu ake yi, sai ka ce zai rubuta jarrabawa a kai.

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa don kar in faɗi abin da ba zai ɗauku ba a gaban yayarsa.

Laraba, 18 ga Yuni

Na je wajen likitar tun kafin ta fara ganin marasa lafiya. Ban zauna ba. Na gaya mata abin da na sani game da ƙwayoyin da aka ba su sarari, yadda masu taurin kai ke tsira su hayayyafa. Ta bar ni na gama, kamar yadda na bar ta ta gama zanenta. Ina jin ramuwa ce.

Sannan ta ce, "Mama, ya kusa wata yana jin ƙafafunsa kamar ba nasa ba. Yanzu ya hau yatsun hannu. Jiya na ba shi maɓalli ya ɓalle, ya kasa. In na ci gaba a haka jijiyoyin na iya tafiya ba dawowa, kin fi ni sani."

Na ce ƙarya ne, da ya gaya min.

Ta ce, "Duk ranar da na tambaye shi, ke kike amsawa."

Na ce ni matarsa ce. Ta ce ta sani, amma shi ne majinyacinta, kuma shi ya zaɓa bayan ta shimfiɗa masa komai, ribar da hasarar. Har da ce min sau ɗaya a mako ba ya nufin an sallama wa ciwon. Yarinyar da ba ta ƙarasa goge allin makaranta daga hannunta ba.

Ya kusa wata. Gado ɗaya muke kwana.

Asabar, 21 ga Yuni

Mun yi ta. Na jira Yaya ta fita kasuwa.

Na ce me ya sa ya ɓoye min. Ya ce, "Ta wace ƙofa zan shigo da maganar? Ranar da lamba ta sauka kin yi murnar da ban ga kin yi ba tun haihuwar Auta. In ce miki me? In ce ƙafata?"

Na ce da ya faɗa da mun san yadda za mu yi. Ya ce, "Da kin san yadda za ki yi. Da kin ce in daure, da hujja, da zane." Wai tun da aka fara jinyar nan in na shigo gida ba fuskarsa nake fara kallo ba, kwalbar magani nake fara kallo.

Wannan zalunci ne. Wa ke tashi ya auna masa zafin jiki? Wa ya haddace sunan kowace ƙwayar magani? Na ce masa zaɓi ne tsakanin yatsu da rai, kuma mai hankali ya san wanda zai ɗauka.

Ya ɗaga hannayensa biyu ya ce, "Tun ina ɗan saurayi ban yi wuni ɗaya ban taɓa yadi ba. Da yatsan nan nake sanin na kirki da na banza ido rufe. Yanzu in na shafa siliki da buhu duk ɗaya. In za a ƙara min shekaru ina zaune a kujera ana sa min maɓalli, ina so a tambaye ni tukuna. Ban ce na ƙi ba. A tambaye ni."

Sai na ce, matacce ba ya ɗinki.

Na faɗa. Ba zan ce ban faɗa ba. Ya dube ni ya daɗe, ya miƙe da dafa bango, ya fita tsakar gida.

Amma ai gaskiya ce. Matacce ba ya ɗinki.

Lahadi, 22 ga Yuni

Ba ma magana sai ta dole. Ga ruwa. Na gode.

Yaya ta shaƙi iskar gidan ta gane. Tana tsince shinkafa ta ce, kamar da faifan take magana, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na ce mata mai ɗakin nan da an bar shi da saninsa da har yanzu yana shafa man zafi a bayansa yana cewa sanyi ne. Ni na ja shi asibiti da ƙarfin tsiya. An manta.

Auta ta bugo waya daga makaranta. Ita ma wai, "Mama, ki riƙa barinsa yana magana." An kai mata rahoto ke nan. Na haifi lauya ban sani ba.

Talata, 24 ga Yuni

Ba allura yau. Ina aji ina jin kamar ina jin su suna rabewa, ɗaya biyu, biyu huɗu.

Bayan aji na zauna a ɗakin karatu na tono duk binciken da aka yi kan tazarar allurar, da niyyar in kai wa yarinyar nan in ajiye mata a tebur. Na karanta har aka zo rufewa. Yawancinsu abin da ta faɗa suke faɗi. Sau ɗaya a mako, jijiyoyi sun fi tsira, ciwon kuma ba ya samun sararin da nake tsoro.

Haushi kamar in yaga takardun. To me ya hana ta kawo min su tun farko? Sai ta tsaya tana ce min Mama.

Ban gaya wa kowa ba.

Alhamis, 26 ga Yuni

Na tsayar da mai gilashin nan bayan aji na amsa mata tambayarta ta kwanaki. Na ce ƙwayar jijiya doguwa ce, ta ƙafa daga gadon baya take har yatsa, kuma ita ke nan mutum zai mutu da ita. Mai rabuwa in ta lalace wata ta maye gurbinta. Wannan ba ta da magaji. Shi ya sa nesa ke fara mutuwa, yatsun ƙafa, sannan na hannu. Na ce har yanzu ba a gama gane duk yadda abin ke faruwa ba, in tana neman abin bincike ga shi nan.

Ta ce, "Allah ya ba Baba lafiya, Malama." Na ce ta wuce, tana tare min hanya.

Lahadi, 29 ga Yuni

Da hantsi na fito shanya na gan shi a kan tabarma a inuwa, ya juya baya. Zare da allura a hannunsa. Ya lashi bakin zaren, ya kai, ya wuce. Ya sake. Allurar ta zame ta faɗi kan cinyarsa, ya shafa yana nema, tana ƙarƙashin yatsansa bai ji ta ba. Sai da ya sunkuya ya gan ta da ido.

Mutumin da ke zura zare yana hira yana kallon titi.

Na tsaya da jiƙaƙƙen zani a hannu yana ɗiga min a ƙafa. Na so in je in karɓa in zura masa, abu kaɗan ne. Ban je ba. Ban san me ya riƙe ni ba.

Da ya juyo ya gan ni bai ɓoye ba. Na zauna gefen tabarmar na ce ya gaya min yadda yake ji. Ya ce, "Da Hausar mutane ko ta aji?" Na ce ya daina. Sai ya ce kamar ya sa safa a kan safa, kamar yana taka auduga, wani lokaci kuma kamar an watsa masa garwashi a tafin ƙafa alhali in ya taɓa sanyi ƙalau. Ya ce abin da ya fi ba shi tsoro fedar keke, ba ya sanin ya taka ko bai taka ba sai ya ji ƙara.

Na ɗauki ƙafarsa na ɗora a cinyata na duba. Akwai ƙuna a gefen babban yatsa, ta yi ruwa. Ruwan wanka ne, in ji shi, bai ji zafinsa ba. Tun yaushe? Bai sani ba.

Na wanke na sa magani. Na yi masa faɗa sosai a kan ruwan zafin, daga yau da gwiwar hannu zai riƙa gwadawa. Ya ce to. Maganar ranar Asabar ba wanda ya tayar.

Yaya na leƙe ta taga. Ta leƙa ɗin.

Talata, 1 ga Yuli

An dawo da allura. Na shiga tare da shi da niyyar ba zan ce uffan ba. Likita ta ce, "Baba, ya barci?" Kafin in ankara na ce yana farkawa sau da yawa. Su biyun suka juyo suka dube ni, irin kallo ɗaya, kamar sun yi shawara.

To ƙarya na yi? Yana farkawa.

Ta ce masa hannun na iya dawowa a hankali, ƙafar kam ba ta yi alkawari ba. Ya ce ya ji. Ya kuma gaya mata aljihun rigarta a karkace yake, ta kawo in hannu ya dawo. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban ga abin dariya ba.

Laraba, 9 ga Yuli

Shugaban sashe ya tare ni a matakala, wai ɗalibai na yabon darasin bana. Na ce ai da an karɓe shi da sun huta da yabon. Ya yi yaƙe.

Yaya ta tafi da safe. Ta bar tukwanen a inda ta sa su. Na duba, wurin ya fi kusa da murhu. Zan mayar da su in na samu lokaci.

Asabar, 12 ga Yuli

Ya ɓalle maɓallin wuyansa da kansa. Ya ɗauki lokaci, shayi ya huce. Na yi kamar ina neman wani abu a firij.

Talata, 15 ga Yuli

Ranar sakamakon gwaji, na farko tun da aka rage allurar.

Da aka kira shi na ce ya shiga, ni ina da takardun jarrabawa da zan duba. Gaskiya ne ina da su, ga su nan a jaka. Kuma ɗakin likitar ƙarami ne, mutum uku sun yi masa yawa, ba iska. Ya tsaya ya dube ni, na ce me yake kallo, ana jiransa.

Na zauna a kujerun robar nan da jan biro. Takarda ɗaya na buɗe. Wani ya rubuta cewa furotiyasom ne ke ƙera furotin. Ƙera! Zango guda ina magana. Na zagaye kalmar har biron ya huda takardar. Ban iya wuce wannan shafin ba. Ina jiyo dariyarsu ta bayan ƙofa, ban san me ake wa dariya a ɗakin kansa ba.

Ya daɗe. Da ya fito yana tafe a hankali, yana kallon inda zai sa ƙafa, na miƙe na tare shi na ce ya ƙafar, ta gwada ta da abin nan mai tsini? Ya ce ta gwada, ya ji a dunduniya, a yatsu bai ji ba tukuna. Na ce hannun fa? Ya ce ta ba shi kuɗin ƙarfe guda biyu ido rufe, ya bambance babba da ƙarama. Na ce ƙunar? Ta bushe. Muka fito. Rana ta yi zafi, na sa shi ya tsaya a inuwa na je na taro tasi. A hanya ya sa direba ya tsaya ya sayi zare, ya daɗe yana zaɓe, direban na ta danna oda.

Sai da muka iso gida, na cire takalmi, na ɗora ruwa, sannan ya leƙo kicin ya ce, "Malama, ba ki tambayi lamba ba."

Ta sauka. Kaɗan, ba kamar da ba, amma ta sauka.

Mantawa na yi kawai. Zafin ranar nan ne.